Yadda maharban barewa a Amurka ke zaɓen na'urar saiti don farauta a kurmi

A dazuzzukan arewa maso gabashin Amurka, irin na jihohin Maine da Vermont da Pennsylvania, bishiyoyi sun cushe ta yadda sau da yawa maharbi ba ya hango abin da ya wuce mita 50. Barewa mai farar wutsiya kan ɓullo ne na ɗan lokaci, ta ratsa tsakanin itatuwa ta ɓace. A irin wannan wuri, abin da ake nema daga na'urar saiti shi ne saurin kama abin harbi da faɗin gani. Ƙarfin jawo abu kusa yana zuwa ne daga baya. Kuskuren zaɓi kan jawo a raunata dabba ta tsere ta mutu a wahale, ko a harbi abin da ba a tantance ba.

Nau'i na farko shi ne saitin ƙarfe na gargajiya, mai tsaga a baya da ɗan tsini a bakin bindiga, irin wanda ke kan Winchester 94, wadda John Browning ya tsara aka fara ƙerawa a 1894. Ba shi da nauyi, kuma ruwan sama ko dusar ƙanƙara ba su dame shi ba. Matsalarsa ita ce yana buƙatar ido ya haɗa abu uku lokaci guda: tsagar, tsinin da kuma dabbar. Ido kuwa ba ya iya tsayawa a kan nisa uku a tare, kuma abin kan ƙara wuya bayan shekara 40.

Na biyu shi ne saiti mai zobe, wanda William Lyman ya yi fice da shi tun ƙarshen shekarun 1870. Maharbi kan leƙa ta cikin ƙaramin zobe kusa da idonsa, idon ya daidaita tsinin a tsakiya da kansa. Masu bin sawun barewa a kan dusar ƙanƙara suna son zobe mai faɗi, domin ya fi shigar da haske.

Na uku shi ne madubin hangen nesa. A nan ne mutane da yawa ke zarce gona da iri. Madubin da ke ninka girman abu sau 9 galibi bai nuna faɗin da ya kai mita ɗaya da rabi a nisan mita 30, wato da ƙyar ya ɗauki jikin barewa guda, balle idan tana gudu. Wanda aka saita a ninki 1.5 kuwa yana nuna kimanin mita shida. Shi ya sa ake fifita masu ninki 1 zuwa 4, ko 1.5 zuwa 5, a bar su a kan mafi ƙanƙanta. Amfanin madubi ya fi bayyana da asuba da almuru, kuma yana nuna siraran rassan da ke iya karkatar da harsashi. Sai dai ruwa da tururin numfashi kan dusashe gilashinsa.

Na huɗu shi ne mai jan ɗigo, wanda kamfanin Aimpoint na Suwidin ya fitar a 1975. Ba ya ninka komai, ana harbi da shi ido biyu a buɗe, kuma inda ɗigon ya sauka nan ake nufi. Ya dogara da batir, sannan masu wata irin matsalar ido kan ga ɗigon ya bazu.

Ƙirar bindiga ma tana da tasiri. Tsohuwar Winchester 94 ta sama take tofar da kwanson harsashi, abin da ya wahalar da ɗora mata madubi har farkon shekarun 1980, alhali Marlin 336 ta gefe take fitar da shi.

A taƙaice, matashi mai kaifin ido da ke yawo cikin ruwa da ƙanƙara zai wadatu da zobe. Wanda idonsa ya fara rauni, ko mai kwanton ɓauna da magariba, madubi mai ƙaramin ninki ya fi masa. Kowanne aka zaɓa, a gwada shi a filin atisaye a kan nisan da za a yi harbin. Kuma ƙa'ida ce a wurin maharba cewa ba a leƙen abin da ba a gane ba ta madubin bindiga, domin motsin da ke bayan ganye yana iya zama na ɗan Adam.