Kamfanin Allied Air da Jigilar Kaya ta Jirgin Sama: Bayani ga Jama'ar Illela

Gabatarwa

Garin Illela yana arewacin birnin Sakkwato, a bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, yana fuskantar Birnin Ƙonni. Kasuwarsa ta shahara wajen cinikin dabbobi da albasa da hatsi, kuma kusan dukkan wannan kaya a mota yake tafiya. An rufe iyakar a watan Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, sannan aka buɗe a watan Maris na 2024. Wannan ya nuna wa 'yan kasuwa illar dogaro da hanya ɗaya tak, ya kuma sa ya dace a san yadda kaya ke fita ta sama.

Taƙaitaccen tarihi

Jirgin sama ya fara sauka a Nijeriya ne a Kano a shekarar 1925, kuma a 1936 aka fara jigilar wasiƙu tsakanin Kano da Khartum. Shekaru da dama bayan haka, akasarin kayan da ke tafiya ta sama a cikin jiragen fasinja ake ɗaukarsu.

An kafa kamfanin Allied Air a 1998, hedkwatarsa tana filin jirgin sama na Murtala Muhammed da ke Legas. Aikinsa ɗaukar kaya ne kawai, ba ya ɗaukar fasinja. Ya daɗe yana aiki da jirage ƙirar Boeing 727 waɗanda aka cire wa kujeru aka buɗa musu babbar ƙofa a gefe, daga baya ya koma ga ƙirar Boeing 737. Yana zirga-zirga a cikin gida da kuma biranen ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, yana kuma yi wa manyan kamfanonin aika saƙo jigila.

A ranar 2 ga Yuni, 2012, wani jirginsa da ya taso daga Legas ya zarce hanyar saukarsa a birnin Accra na ƙasar Ghana ana cikin ruwan sama, ya auka wa wata motar haya, mutane aƙalla goma suka rasu. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, wato NCAA, ita ce ke ba irin wannan kamfani lasisi tare da duba lafiyar jiragensa.

Yadda aikin yake gudana

Mai kaya ba kasafai yake hulɗa da kamfanin jirgi kai tsaye ba. Yakan bi ta hannun wakilin fiton kaya mai rajista, wanda zai kama masa guri, ya kuma karɓo takardar shaidar ɗaukar kaya mai ɗauke da lambar da za a riƙa bin sawun kayan da ita. A filin jirgi, ma'aikatan kamfanonin lodi irin su NAHCO da SAHCO ne ke auna kayan, su jera su a kan faranti na ƙarfe, su ɗaure da raga.

Ana biyan kuɗi ne bisa kilo, amma idan kaya ya cika girma ba nauyi, to girmansa ake aunawa, a caji mai shi da wanda ya fi yawa. Jirgi ƙirar Boeing 737 na kaya yana ɗaukar kimanin tan 20 ne, wato bai kai lodin babbar tirela ba, ga kuma tsadar mai. Saboda haka buhun albasa ko gero ba zai biya kuɗin jirgi ba. Hanyarsa mota ce. Abin da ya dace da jirgi shi ne kaya mara nauyi mai daraja, ko mai saurin lalacewa, ko na gaggawa: jemammiyar fatar jar akuyar Sakkwato da kayan dukanci, ɗanyen kayan lambu, magunguna da allurar rigakafi, da kayan gyaran injuna.

Takardun da ake buƙata

Duk mai son fitar da kaya waje sai ya yi rajista da hukumar bunƙasa fitar da kayayyaki ta NEPC, ya cike fom ɗin NXP ta hannun bankinsa, sannan Hukumar Kwastan ta duba kayan. Idan amfanin gona ne, sai ya sami takardar shaidar lafiyarsa daga hukumar NAQS. Wannan ba abin wasa ba ne, domin a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Manomi ɗaya da ya zuba wa hatsinsa fiya-fiya yana iya jawo wa dubban manoma asarar kasuwa.

Shawara ga jama'a da jami'ai

Filin jirgin sama na Sultan Abubakar III da ke Sakkwato, wanda aka buɗe a 1982, ya fi yin aikin fasinja da jigilar alhazai. Don haka kayan Illela da za su fita ta sama galibi sai an kai su Kano ko Abuja ko Legas a mota, kuma wajibi ne a sa wannan kuɗi cikin lissafi tun da farko. Ana shawartar ƙananan 'yan kasuwa da su haɗu cikin ƙungiyoyin gama kai domin su tara kaya su rage wa juna tsada. Haka nan ana kira ga hakimai da dagatai da jami'an gona na ƙaramar hukuma da su faɗakar da jama'a cewa kada kowa ya miƙa kayansa ko kuɗinsa ga wakilin da ba shi da rajista, kada kuma ya karɓi ƙunshin da bai san abin da ke cikinsa ba domin ya aika da sunansa.