Kamfanin Mulmula Ƙarafa na Katsina

Kamfanin Mulmula Ƙarafa na Katsina, wanda Katsinawa suka fi sani da Sitil Rolin, masana'antar rodi da waya ce da gwamnatin tarayya ta gina a bayan birnin Katsina, kan hanyar Dutsin-ma. Shi kaɗai ne irinsa da gwamnati ta kafa a Arewa maso Yamma, kuma kasuwar da ke gabansa ta kama tun daga Kano da Kaduna har tsohuwar Jihar Sakkwato, wadda a lokacin Anka da Gummi da Bukkuyum duk suna cikinta. Tun 2006 yana hannun 'yan kasuwa da sunan Dana Steel.

Ana samun saɓani kan shekarar kafuwarsa. Wasu na ƙirgawa daga 1979, wasu daga 1982. A 1979 aka raba aikin ƙarfe na ƙasa zuwa kamfanoni daban-daban, nan aka yanke wa wannan cibi a takarda. A 1982 injinansa suka fara juyawa. Ta biyun aka ɗauka a nan, domin ranar da ƙarfe ya fito ita ce ranar da masana'anta ta soma rayuwa.

Asali

Ƙira tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, maƙeran Zamfara da Katsina sun daɗe suna narka tama da zuga-zugi kafin ƙarfen Turai ya cika kasuwa. Labarin ƙarfen zamani ya faro ne a 1971, lokacin da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa hukumar bunƙasa ƙarafa ta ƙasa. A 1979 aka rushe hukumar, aka fitar da kamfanoni daga cikinta: babban kamfanin Ajakuta da 'yan Tarayyar Sobiyat suka karɓi kwangilarsa, da kamfanin Delta a Aladja kusa da Warri, da hukumar haƙar tama a Itakpe, sai kamfanonin mulmula guda uku a Jos da Oshogbo da Katsina. Jamusawa suka gina na Jos da na Oshogbo. Na Katsina kuwa kamfanin Kobe Steel na ƙasar Japan aka ba.

Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta gaji shirin ta ɗauke shi da gaske, har ta ware masa minista na musamman; Paul Unongo ya fara riƙe muƙamin, Mamman Ali Makele ya gaje shi. A lokacin Katsina tana cikin Jihar Kaduna, sai a 1987 ta zama jiha. Wato kamfanin ya girmi jiharsa da shekara 5.

Tsarin aikin

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, ba a gina kamfanin don ya narka ƙarfe ba. Aikinsa a farko mulmulawa ne kawai. Ana kawo masa ƙarfe a dunƙule, dogo mai kusurwa huɗu kamar azara, wanda ma'aikata ke kira bilet. A tura shi cikin tanderu ya gasu har ya haura digiri 1,100, ya yi jajawur, sannan ya bi ta tsakanin gangunan ƙarfe masu juyawa, jeri bayan jeri, kowane jeri na matse shi yana ƙara masa tsawo da gudu. Abin da ya shiga a hankali yana jan ciki, a ƙarshen layi sai ya fito da gudu kamar an harba shi. Ganga ta ƙarshe ita ke zana masa tsagar nan da ke sa siminti ya kama shi. Daga nan a shimfiɗa shi ya huce, a yanka, a ɗaure dami-dami. Siraran kuma a naɗe su gammo-gammo, su ne wayar da ake ƙusa da raga da ita.

An tsara kowane ɗaya daga cikin kamfanonin uku ya fitar da tan 210,000 a shekara. Don a gane girman wannan adadi: rodi mai milimita 12, mai tsawon mita 12, guda 93 zuwa 94 ke cika tan ɗaya. Mai milimita 16, wanda ake zuba ginshiƙi da shi, guda 52 zuwa 53. Da kamfanin ya taɓa cika alƙawarinsa, da rodin shekara guda ya isa gina makarantu da asibitoci da kwalbatoci masu ɗimbin yawa daga Jibiya har Gummi.

Matsalar bilet

Nan ne gizo ke saƙar. Duka kamfanonin uku an ɗora rayuwarsu kan Aladja, wanda Shagari ya buɗe a Janairun 1982 da niyyar ya narka tan miliyan 1 a shekara, ya mulmula wani kaso, ya aika wa Jos da Oshogbo da Katsina ragowar. Tsakanin Aladja da Katsina akwai fiye da kilomita 1,000. Babu layin dogo a Aladja a lokacin, babu kuma a Katsina. Dogon da Turawa suka shimfiɗa ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda tun 1929, ɗayan reshen ya bi ta Kano zuwa Nguru, aka bar birnin Katsina a tsakiya. Saboda haka sai dai tirela. In kowace ta ɗauki tan 30, ana buƙatar lodi 7,000 a shekara kafin injin ya ƙoshi, kusan tirela 20 ke nan kowace rana, damina da rani, a kan hanyoyin da nauyin ƙarfen kansa ke farfasawa.

Ko da an samu motocin, kayan ba su samu ba. Aladja bai taɓa kai ko rabin abin da aka gina shi don ya yi ba, wutar lantarki na yanke masa, tamar da yake aiki da ita daga waje ake sayo ta. Ajakuta, da aka sa ran zai toshe giɓin, har yau babban tanderunsa bai narka tama ba. Kuɗin man fetur ya faɗi jim kaɗan bayan buɗe kamfanonin. A 1986 shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ya karya darajar naira, sayo bilet da kayan gyara daga waje ya zama jan aiki. Zuwa tsakiyar shekarun 1990 Aladja ya durƙushe. Babu ɗaya cikin kamfanonin uku da ya kusanci tan 210,000 ɗin da aka rubuta masa.

Ba adalci ba ne a ɗora wannan kan ma'aikatan Katsina, kamar yadda ake yawan yi wa ma'aikatan kamfanonin gwamnati kuɗin goro. Injin na nan, ƙwararru na nan. Tela ne aka saya wa keke mai kyau aka ce yadinsa na can wata uwa duniya.

Kamfanin da jama'a

Katsina ta shekarun 1980 gari ne na malamai da ma'aikatan gwamnati da fatake, masana'antu ba su da yawa. Zuwan kamfanin ya kawo abin da garin bai saba gani ba: aikin karɓa-karɓa dare da rana, injiniyoyin Japan suna koya wa samari sarrafa injin, rukunin gidajen ma'aikata, da ƙabilu daga kowane sashe na Najeriya. Har yanzu da sunan Sitil Rolin ake kwatancen wannan ɓangare na gari. Fitaccen wanda ya shugabance shi shi ne Injiniya Mahmud Kanti Bello, wanda daga baya ya wakilci Katsina ta Arewa a Majalisar Dattawa daga 2003 zuwa 2011, ya rasu a 2017.

A ƙauye kuwa, ta hannun mai walda da magini ake sanin ƙarfe. A Gummi ko Anka, wanda zai zuba dakin ko ya haɗa tagar ƙarfe ba ruwansa da lambar yabon da aka miƙa wa wani kamfani a ɗakin taro. Zai ɗaga rodin ya ji nauyinsa, ya duba ko milimita goma sha biyun ta cika ko an shafta ta, ya sa a lanƙwasa gaɓa ɗaya a gabansa. Mai kyau zai tanƙwaru, marar kyau zai tsage a gwiwa. Hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, SON, tana da ma'auninta na rodi, tana kuma neman kowane kamfani ya buga alamarsa a jikin ƙarfensa don a san mai shi in gini ya rufta. Ya kamata mai saye ya riƙa neman wannan alama kafin ya biya.

Sayarwa

Gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta sa kamfanonin ƙarfe a kasuwa. Aladja ya tafi hannun Global Infrastructure na Indiyawa a 2005, Jos ya koma Zuma Steel, Oshogbo ya shiga hannun Kura Holdings, Katsina kuma rukunin Dana suka saye shi a 2006. Babban sauyin da sababbin masu shi suka kawo shi ne sashen narka tsofaffin ƙarafa, domin kamfanin ya riƙa zuba bilet ɗinsa da kansa. Da wannan, abincin masana'antar ya koma irin kayan da 'yan gwangwan da 'yan jari-bola ke tarawa unguwa-unguwa da kasuwa-kasuwa: ruɓaɓɓen kwano, gatarin mota, karyayyar garma, mataccen injin niƙa. Shekaru da dama bayan buɗe shi, a karon farko kamfanin ya samu hanyar cin abin da ke kusa da shi.

Batun jirgin ƙasa kuwa, layin dogon Itakpe zuwa Warri, wanda ya kai yankin Aladja, sai a 2020 aka buɗe shi. Na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda zai ratsa Katsina da Jibiya, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, aka yi bikin a Kwarin Tama cikin Jihar Katsina.