DA WANE YARE KIKE ƘIRGA CANJINKI?

'Yan'uwana mata, in kina son sanin yaren da ya zauna a kan mutum, ki bar sauraren hirarsa, ki tsaya kusa da shi lokacin da yake ƙirga canji. A kasuwar Sabon Garin Zariya sai Bayarabiya ta gama ciniki da ke da Hausa tsaf, amma da ta kwance bakin zani sai ki ji ta koma Yarabanci ƙasa-ƙasa. Ba zaginki take ba, lissafi take. Tun 1911 da jirgin ƙasa ya iso Zariya, 'yan Kudu suka fara cika unguwar nan, bakinsu ya kama Hausa, amma ƙirga ta tsaya a yaren da aka koye ta ana yara.

Mu ma ai ƙirgarmu haɗe-haɗe ce. Ashirin, talatin, hamsin, metan, duk daga Larabci muka aro su, da can gomiya biyu da gomiya uku ake cewa. Da Bature ya kashe wuri, sai ga kwabo, taro, sisi, sule da fam, Turanci ne baki ya lanƙwasa.

A watan Janairun 1973 aka kawo naira, fam ɗaya ya zama naira biyu. To nan fa ake yin ta! Iyayenmu suka karɓi sabon kuɗi a hannu, suka ƙi sakin tsohon a ka. Ko a shekarun 1990 in mai ƙosai ta ce fam biyar, naira goma take nufi. Jaka kuwa fam ɗari ce, wato naira ɗari biyu. Tsohuwar da ake wa kallon jahila, ita ce take ninkawa da rabawa a kowane ciniki, ba alli ba allo, kuma wallahi ba ki isa ki cuce ta ko sisi ba.

A Samaru, inda aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, labarin daban ne. Mu da muka rera jadawalin sau da Turanci a firamare, ki tambaye mu bakwai sau takwas da Hausa, sai mun juya shi Turanci a zuci kafin amsa ta fito. Lambar waya ma haka.

Abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne 'ya'yanmu mata na yanzu. Ki ce da yarinya saba'in, sai ta tsaya tana tambaya wai shi ne tamanin? Kuma ita ce gobe za a damƙa wa kuɗin cefane a tura ta gaban mai tumatir.