Masu Bijire wa Cocin Ingila da Hanyar da Suka Biyo Zuwa Ƙasar Kano

Manomin Zakirai ko na wani ƙauye a Gabasawa, in an ambaci Mishan a gabansa, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne asibitin ido na Kano ko na kutare da ke Yadakunya. Galibi kuma yakan ɗauka cewa Mishan da gwamnatin Turawa jirgi ɗaya ya kwaso su. Tarihi bai goyi bayan wannan zato gaba ɗaya ba, domin waɗanda suka kafa waɗannan asibitoci sun fito ne daga zuriyar mutanen da suka yi shekara ɗari biyu suna jayayya da hukumar ƙasarsu a kan sha'anin ibada.

Asalin maganar a Ingila take. A shekarar 1662 majalisar ƙasar ta kafa doka cewa dole kowane limamin Kirista ya bi littafin addu'a guda na Cocin Ingila, wanda sarki ne shugabansa. Limamai wajen 2,000 suka ƙi, aka raba su da muƙamansu. Su da mabiyansu, tare da 'yan Baptis da Kwaka da sauran ƙungiyoyin da kowace majami'a ke zaɓen shugabanta, su ne ake kira masu bijirewa. John Bunyan ya yi shekara 12 a kurkukun Bedford saboda wa'azi ba da izini ba. An sassauta musu a 1689, amma sai a 1871 aka ɗage sauran shingen da ya tare su a jami'o'in Oxford da Cambridge. Mabiyan John Wesley, wato Metodis, sun bi sahu bayan rasuwarsa a 1791.

Wannan tsangwama ita ta koya musu abubuwan da suka yaɗa su a duniya. Da yake ba su da rabo a baitulmali, sai suka saba da tara kuɗi daga aljihun talakawa. Da yake an rufe musu manyan makarantu, sai suka yarda maƙeri ko baduku ya hau mumbari muddin ya iya karatu. William Carey, wanda ya tafi Indiya a 1793, ɗinkin takalma ne sana'arsa ta fari. Metodis kuwa sun sauka Badagry a 1842.

Reshen da ya iso ƙasar Hausa ta Kanada ya biyo. A watan Disamba 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko da niyyar shiga ƙasar Sudan, ba tare da wani babban coci a bayansu ba. Cikin shekara guda Kent ya rasu a Bida, Gowans a Girku. Bingham, wanda daga baya ya zama limamin Baptis, shi ya rayu ya gina ƙungiyar da aka sani da S.I.M., wadda ta sami zama a Patigi a 1902.

Sai dai ƙofar Kano ba ta buɗu da wuri ba. Tun a 1900 Sarki Alu ya sallami ayarin Bishop Tugwell, su kuwa 'yan Cocin Ingila ne ma. Bayan cin Sakkwato a 1903 Lugard ya yi alkawarin ba za a taɓa addinin jama'a ba, kuma razdanoni suka riƙe wannan alkawari gam, saboda zaman lafiyar mulkinsu ya rataya a wuyan sarakuna. Ashe jikokin waɗanda suka ƙi neman izinin sarkin Ingila su ne suka yi shekara talatin suna jiran izinin razdan da na sarkin Kano.

Da izinin ya zo, ta hanyar cuta ya zo. A ƙarshen shekarun 1930 aka danƙa wa S.I.M. kula da kutare a Yadakunya, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato, aikin da ba mai rububinsa. A 1943 suka buɗe asibitin ido a Kano. A ƙasar Nijar, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkin Faransa, ma haka aka yi, inda suka kafa asibitin Galmi a 1950. Musulmi sun karɓi magani sun yi godiya, amma ƙalilan ne ƙwarai suka sauya addini. Mafi yawan waɗanda suka bi sun fito ne daga cikin Maguzawa da kuma waɗanda suka yi jinya mai tsawo a zangon kutare.

Inda gadon bijirewa ya fi bayyana shi ne wajen harshe da shugabanci. Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932, kuma da Hausa aka horar da masu bishara 'yan ƙasa, har ta zama harshen ibada ga ƙabilu da yawa na Filato da kudancin Zariya waɗanda ba Hausawa ba ne. A 1954, shekara shida kafin mulkin kai, majami'un S.I.M. suka haɗu suka zama E.C.W.A., a 1976 kuma Mishan ta miƙa mata ragowar ayyukanta a Nijeriya, har da asibitin ido na Kano.