Dakatar da Zartar da Hukunci Kafin a Yanke Ɗaukaka Ƙara: Nazari daga Potiskum da Rikicin Masarautar Kano

Tsakure

Maƙalar ta duba ikon da kotunan Najeriya ke da shi na dakatar da zartar da hukunci yayin da ake jiran sakamakon ɗaukaka ƙara. Hujjarta ita ce, umarnin da ba a fayyace lafazinsa ba, ba a kuma ɗaura masa wa'adi ba, yakan cinye haƙƙin da aka ce zai kare.

Matsayin doka

Ɗaukaka ƙara ita kaɗai ba ta tsayar da hukunci. Haka sashe na 17 na Dokar Kotun Ɗaukaka Ƙara da sashe na 24 na Dokar Kotun Ƙoli suka tanada. Wanda aka kayar sai ya shigar da roƙo na daban, da farko a gaban kotun da ta yanke hukuncin, in ta ƙi sannan ya haura sama. A shari'ar Vaswani da Savalakh ta 1972, Kotun Ƙoli ta ce ba a hana wanda ya yi nasara cin moriyar nasararsa sai da dalili na musamman, kamar a ce zartarwar za ta lalata abin da ake jayayya a kai, ko ta sa hukuncin kotun sama ya zo bayan aikin gama ya gama. Shari'ar Okafor da Nnaife ta 1987 ta jaddada cewa dole alƙali ya auna haƙƙin ɓangarorin biyu.

Inda ma'aunin ke gazawa

Wannan ma'auni ya fi dacewa da fili, gini da kuɗi, abubuwan da ke iya jira. In bashi ne, kotu kan ce a ajiye kuɗin a hannun magatakarda, sau da yawa a asusun da ke kawo kuɗin ruwa, wanda shi ma matsala ce ga Musulmin da ya ci shari'a.

Amma ba kowace dukiya ke iya jira ba. Potiskum gari ne da ke da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin shanu na Afirka ta Yamma. A ɗauka ana jayayya kan shanu goma tsakanin mai dukiya da dillali. In aka zartar, kafin a gama buga takardun ɗaukaka ƙara an loda su a tirela an yi kudu da su. In aka dakatar, wa zai sayi dusa da harawa? Wa zai ɗauki asarar wadda ta rame da rani ko ta mutu? A nan jira ma ɓarna ce. Abin da ya fi kusa da adalci shi ne a sayar a gaban wakilan ɓangarorin biyu, a adana kuɗin.

Shari'ar aure ta fi wannan tsanani. Matar da alƙali ya raba aurenta da hul'i, iddarta na tafiya ko miji ya garzaya Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ko bai je ba. In ba a dakatar ba, tana iya yin wani aure kafin a saurari ƙarar. In an dakatar ba wa'adi, an bar ta a rataye, ba ita ga aure ba ita ga zawarci. A ganina wannan cuta ce da kotu ba ta da uzurin sa hannu a cikinta.

Darasin Kano

A ranar 23 ga Mayu 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta rushe masarautu biyar, ya mayar da Muhammadu Sanusi II kan gadon sarauta. Wani basarake a masarautar, Aminu Babba Ɗan'agundi, ya kai ƙara Babbar Kotun Tarayya, inda Mai Shari'a Abdullahi Liman ya soke matakan da gwamnati ta ɗauka. A ranar 10 ga Janairu 2025 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce kotun tarayya ba ta da hurumin sauraron rikicin sarauta. Sai kuma a ranar 14 ga Maris 2025 ita dai wannan kotu, ƙarƙashin Mai Shari'a Okon Abang, ta dakatar da zartar da hukuncin nata, ta ce kowa ya tsaya matsayinsa har Kotun Ƙoli ta yanke.

Wane matsayi? Gwamnati ta ce Sanusi na nan daram, ɗaya ɓangaren ya ce nasara tasa ce. Sanusi ya ci gaba da zama a Gidan Rumfa, Aminu Ado Bayero, sarkin da dokar ta sauke, a gidan Nasarawa. Ga kuma wata tambaya ta fikihun doka: hukuncin da ya ce wata kotu ba ta da hurumi bayyana matsayi kawai ya yi, bai umarci kowa da wani aiki ba, kuma ƙa'idar da aka sani ita ce irin wannan ba shi da abin zartarwa balle a dakatar.

Masu rikicin Kano suna da manyan lauyoyi da ƙarfin jira. Mai shanu goma ba shi da ko ɗaya. Don haka umarnin dakatarwa ya kamata ya ambaci a hannun wa abin zai zauna, wa zai ɗauki ɗawainiyarsa, da ranar da umarnin zai faɗi da kansa in mai ɗaukaka ƙara bai miƙa kundin shari'ar ga kotun sama ba.