Ruwa da Masai a Tunga: Nazari kan Tsadar Talauci

Jihar Neja ba ta rasa ruwa ba. A cikinta madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru suke, kuma madatsar Tagwai da aka gina a 1978 tana nan gefen Minna, tana ciyar da matatar ruwa ta Chanchaga. Amma a unguwar Tunga ta Minna, da ke kan hanyar Paiko, gidaje da yawa sun fi sanin ƙarar kurar ɗan garuwa fiye da ƙarar famfo.

Dalilin farko na ƙarƙashin ƙasa ne. Minna a kan dutse take zaune, ruwa kuma a tsagar dutsen yake maƙalewa. Shi ya sa rijiyar gida ke cika da damina, ta ƙafe tun kafin Afrilu. Mai hali sai ya haƙa burtsatse, ya sayi janareta, ya ɗora tanki. Ɗan haya kuwa daga wannan tankin ɗan garuwa zai ɗebo masa, jarka-jarka, a ɗora masa kuɗin mai da ladan tura kura. Idan aka auna da lita, marar hali ya fi kowa sayen ruwa da tsada, kuma bai san ko yaushe aka wanke jarkar ba.

Inda abin ya fi muni shi ne tsakar gida. Masana lafiya na son a bar tazarar kamar mita 30 tsakanin rijiya da masai. Gidan hayar da aka cusa ɗakuna a kowane lungunsa ina zai samu wannan fili? Ko maigida ya kiyaye, ramin maƙwabci na bayan katanga. Da ruwan sama ya sauka, ƙazanta ta bi tsagar nan ta dutse ta faɗa rijiya. Ta irin wannan hanya kwalara da taifot ke shiga gida. A 2021 kwalara ta kashe fiye da mutum 3,000 a Nijeriya, Neja na cikin jihohin da ta taɓa.

Indiya ma ta ɗanɗana wannan matsala ta ruwa da masai a ƙauyukanta. A 2014 gwamnatin Narendra Modi ta ƙaddamar da shirin Swachh Bharat, aka gina miliyoyin masai, sai aka tarar wasu an mai da su ɗakin ajiya, rashin ruwa na cikin dalilai. A 2019 ta biyo da Jal Jeevan, don kai famfo kowane gida na karkara. A shekarar ce Shugaba Buhari ya sa hannu kan umarnin hana bahaya a fili, da wa'adin 2025. A ganina mun kwaikwayi rabin farko, mun bar na biyu. Matar da ta sayi jarka huɗu don girki da wanka da wankin yara ba za ta zuba ɗaya a masai ba, komai yawan wayar da kan da aka yi mata a rediyo.