Lifidi: Garkuwar da Maɗinka Suka Yi wa Dawakin Damagaram

A hawan salla, cikin dawakin da ke fita daga fadar Sarkin Damagaram, akwai waɗanda ake lulluɓewa da tufa mai kauri tun daga wuya har gwiwa, ja da ɗorawa da shuɗi. Lifidi ke nan, kuma don yaƙi aka fara ɗinka shi.

Ya daɗe a ƙasar Hausa. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga wajen 1390 zuwa 1410, shi ya kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Barno ma ta shahara da shi, kuma Damagaram ta jima tana kai gaisuwa ga Barno, don haka tsarin fadarta da na mayaƙanta suka ɗauko abubuwa da yawa daga can.

Aikin kansa abin a tsaya a duba ne. Maɗinki zai shimfiɗa saƙi biyu, ya cusa auduga ko audugar rimi a tsakani, sannan ya bi da allura layi bayan layi, kusa da kusa, don kada cikin ya taru wuri guda idan doki ya yi sukuwa. A sama sai ya jera ƙyallaye masu kusurwa uku ko huɗu, kowane launi yana fito da na kusa da shi. Kibiya mai dafi idan ta faɗa wa lifidi, audugar ke shanye ƙarfinta kafin ta kai ga fata. Amma yana da nauyi, sai ingarma ke iya ɗaukarsa, kuma yana tsoron wuta, shi ya sa abokan gaba kan harbo kibau masu wuta. A ganina maɗinkan nan sun cancanci a ambace su tare da maƙera duk lokacin da ake zancen ƙarfin Damagaram, domin ran jarumi da na dokinsa sun rataya ne ga ingancin ɗinkinsu.

Zamanin Sarki Tanimun, wanda ya sake hawa gadon sarauta a 1851 ya zauna har 1884, shi ne ganiyar daular. Ya kewaye birnin Damagaram da ganuwa, ya tara bindigogi ta hanyar fataucin Sahara, har igwa aka ƙera a garin. Duk da haka 'yan lifidi ba su bar sahun gaba ba, tunda yawancin maƙwabta da kwari da baka da mashi suke yaƙi.

Harsashi ne ya kawo ƙarshen amfaninsa. A Yulin 1899, a Tirmini, rundunar Sarki Amadu Kuran Daga ta gamu da bindigogin sojojin Faransa, auduga kuwa ba ta tare harsashi. Faransawa sun kama birnin Damagaram amma sun bar sarautar, daga nan lifidi ya koma kayan hawa da tarbar manyan baƙi.